Inda Ji Ya Kori Gani

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A kan tudu haka abin yake. Amma akwai wani wuri wanda ya fi dukan ƙasashen duniya faɗi ko da an haɗa su gaba ɗaya, inda wannan magana ta juya. Wurin nan shi ne teku. Ruwansa ya rufe wajen kashi 71 cikin 100 na fuskar duniya, zurfinsa kuwa, in an daidaita mai zurfi da marar zurfi, ya kai wajen mita 3,700. Hasken rana ba ya wuce mita 200 da wani ƙarfi, daga mita 1,000 zuwa ƙasa kuwa duhu ne baƙi ƙirin, dare da rana. A can ido ba shi da aikin yi, sai kunne.

Wataƙila mai karatu a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa zai ce, "Ina ruwanmu da teku, mu da yawancinmu ba mu taɓa ganinsa ba?" Gaskiya ne, tsakaninmu da bakin teku ya fi kilomita 600. Amma Kogin Sakkwato daga ƙasar Funtuwa ya taso. Ya bi ta Gusau, ya haɗu da Rima kusa da Sakkwato, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa Kwara, Kwara kuwa ta kai shi Tekun Atlantika. Iskar damina kuma daga tekun nan take ɗauko ruwan da ke raya masara da dawa da auduga a gonakinmu. Muna aika masa, yana aiko mana. Saboda haka ya kamata mu ji labarin mutanen da aikinsu shi ne su kasa kunne gare shi.

Aikin nasu ba baƙo ba ne gare mu. Daren ƙauye ba shiru ba ne. Da damina kwaɗi suna ta yi a fadama, gyare yana yi a gindin danga, iska tana kaɗa ganyen dawa, wani jaki yana kuka can nesa. Wanda ya girma a wurin ba ya ma jin waɗannan, gama kunnensa ya saba. Amma bari kwaɗin su yi tsit gaba ɗaya, ko karnukan wata unguwa su fara haushi a lokacin da ba su saba ba, nan da nan sai maigida ya tashi zaune. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi wannan yanki, musamman bayan daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara, iyaye da yawa sun koyi wannan sauraro ba da sonsu ba. Sun san ƙarar babur ɗaya na maƙwabci da ya yi dare, sun kuma san ƙarar babura da yawa. Ba su iya rarrabewa ba sai domin sun san yadda daren kullum yake. Masana teku ma a nan suka fara: sai da suka san hayaniyar kullum ta cikin ruwa kafin su gane baƙuwar ƙara.

Yadda aka gane teku ba kurma ba ne

Ƙara tana gudu cikin iska wajen mita 340 a sakan ɗaya. Cikin ruwan teku kuwa tana yin wajen mita 1,500, watau fiye da ninki huɗu, ba ta kuma saurin mutuwa. Tun a 1826 wasu mutum biyu, Daniel Colladon da Charles Sturm, suka auna wannan a Tafkin Janiba na ƙasar Suwizalan. Aka rataya ƙararrawa cikin ruwa daga wani kwalekwale, aka shirya yadda in an buga ta sai albarushi ya kama wuta a daidai lokacin. A wani kwalekwale, fiye da kilomita 10 daga nan, aka tsoma wani dogon ƙaho cikin ruwa aka kara kunne. Daga ganin walƙiyar zuwa jin ƙararrawar suka lissafa, suka sami mita 1,435 a sakan. Da agogon hannu da ƙaho kawai, amma lissafinsu bai yi nisa da abin da na'urorin yanzu ke nunawa ba.

Duk da haka mutane sun daɗe suna zaton cikin teku shiru ne. Har wani shahararren mai nutso na Faransa, Jacques Cousteau, ya fitar da littafi a 1953 wanda ma'anar sunansa ita ce duniyar shiru. Sojojin ruwa kam sun riga sun san ba haka ba ne. A Yaƙin Duniya na Biyu an saka wata na'ura cikin ruwa, wadda za mu kira kunnen ruwa, domin a ji motsin jiragen abokan gaba masu tafiya a ƙarƙashin teku. A 1942, a bakin mashigin Chesapeake na Amurka, sai masu sauraro suka fara jin wata irin rugugi kowace yamma, har ta rufe ƙarar jirage. Hankali ya tashi, ana tsammani wata dabarar abokan gaba ce. Ashe kifaye ne, dubbai a kan dubbai, suna kiran juna.

Da an tambayi masuntan dam ɗin Mairuwa ko na Argungu, da ba su yi mamaki ba. Duk wanda ya taɓa cire ƙurungu daga koma ya ji kukansa, ƙiiƙ-ƙiiƙ, sa'ad da yake goga ƙayar gefensa a cikin gurbinta. Waɗansu kifaye kuwa wata jaka ce ta iska a cikinsu suke kaɗawa da tsoka, kamar mai kiɗan ganga. Bayan yaƙin sojojin ruwan Amurka suka ba wata masaniya aikin tattara waɗannan muryoyi. Sunanta Marie Fish, sunan kuwa da Turanci ma'anarsa kifi, kun ji suna ya bi aiki. Littafin da ta fitar tare da abokin aikinta a 1970 ya ƙunshi muryoyin kifi fiye da iri 150. Yanzu an san wajen iri 1,000 masu yin ƙara.

Wanda ya fi damun sojojin ma ba kifi ba ne. Wani ɗan ƙaramin jatan lande ne, bai fi yatsa tsawo ba, yana da hannu ɗaya babba kamar awartaki. In ya datse shi sai a ji ƙas! In dubbansu suna yi tare, ƙarar kamar busasshen kara ne yana cin wuta, ko ƙosai a cikin mai mai zafi. Sai a shekara ta 2000 wasu masana na Holan da Jamus suka ɗauki hotonsa da kyamara mai sauri, suka ga ba haɗuwar hannun ba ce ke ƙarar. Saurin datsewar ne ke harba ruwa har ya buɗe ɗan kumfa, kumfan ya fashe. Ku riƙe maganar kumfa, za mu sake zuwa kanta.

A 1948 Vern Knudsen da abokan aikinsa suka buga awon hayaniyar teku da suka yi lokacin yaƙi, a 1962 kuma Gordon Wenz ya tsara taswirar da har yanzu ake koyar da ɗalibai da ita. Abin da ta nuna mai sauƙi ne. Ƙara mai kauri, irin ta babban tambari, yawancinta daga jirage masu nisa da girgizar ƙasa take. Ta tsakiya daga iska ce da raƙuman ruwa masu fashewa. Siririya kuwa, irin ta sarewa har zuwa wadda kunnen mutum ba ya kamawa, akwai ruwan sama da jatan lande a cikinta. Da farko duk wannan ana ɗaukarsa shara ce da ke hana a ji jirgi. Daga baya aka ga sharar nan cike take da labari.

Awon ruwan sama da kunne

A nan ne maganar ta shafi manomi kai tsaye. Fiye da kashi uku cikin huɗu na ruwan saman da ke sauka a duniya a kan teku yake sauka, inda ba mai kafa ma'auni. In an ɗaura ma'auni a kan abin da ke yawo bisa ruwa, raƙuman ruwa su karkata shi, gishiri ya ci shi, tsuntsaye su ɓata shi, wani lokaci ma masu wucewa su kwance shi. Taurarin ɗan adam suna aunawa daga sama, amma su ma suna bukatar abin da za a gwada awonsu da shi a ƙasa.

Duk wanda ya kwana a ɗakin kwano ya san ba sai ya leƙa waje ba kafin ya faɗi irin ruwan da ake yi. Yayyafi daban, ruwan marka mai kwana yana zuba daban, na farkon damina mai zuwa da iska da manyan ɗigo kamar ana jifa da tsakuwa shi ma daban. Wani masani a Jami'ar Washington, Jeffrey Nystuen, ya ba da shekarunsa tun daga wajen 1980 yana nazarin wannan, sai dai shi rufin ɗakinsa fuskar teku ce, yana kuma saurare daga ƙarƙashi.

Abin da aka gano yana da ban mamaki. Mutum zai zaci gwargwadon girman ɗigo, gwargwadon ƙararsa. Ba haka ba ne. Ƙaramin ɗigo na yayyafi, mai faɗin wajen milimita 1, in ya faɗa ruwa kusan kullum yakan kama ɗan kumfa na iska, kumfan kuwa yana kaɗawa kamar 'yar ƙararrawa da wata siririyar murya wadda ba ta sakewa. Ɗigo matsakaici ba ya kama kumfa, saboda haka kusan shiru yake shiga. Babban ɗigo kuma yana da ƙarar faɗuwa, ga manyan kumfa masu murya mai kauri. Tun da kowane irin ɗigo yana da muryarsa, na'ura za ta iya rarrabe su, ta ƙidaya, ta faɗi yawan ruwan da ya sauka. Haka kuma daga ƙarar kumfan da raƙuman ruwa ke yi take faɗin ƙarfin iska. Kunnen ruwan yana can ƙasa cikin kwanciyar hankali, inda hadari ba ya taɓa shi, in kuwa an sa shi da zurfi yana jin fili mai faɗin kilomita da dama, ba bakin gwangwani ɗaya kaɗai ba.

Me ya sa wannan ya dame mu? Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, sa'ad da rumbuna suka bushe, dabbobi suka mutu a ƙasar Hausa. A 1986 masana yanayi na Ingila suka nuna cewa shekarun fari a wannan yanki namu suna tafiya tare da yadda zafin ruwan teku ya rabu tsakanin kudu da arewa. Tun daga 1997 ƙasashen Brazil da Faransa da Amurka suka kafa jerin na'urori a tsakiyar Atlantika, har da yankin Tekun Gini da ke kudu da mu, suna auna zafin ruwa da iska da ruwan sama. Irin wannan awo yana cikin abin da masu hasashen damina ke dogara da shi. Kunne ba shi kaɗai ke aikin ba, kada mu ƙara masa gishiri. Amma duk abin da ya gyara sanin ruwan da ke sauka a teku yana taimakon mai faɗa wa manomin Sabuwa ko ya yi shuka da ruwan farko ko ya dakata.

Gani da hayaniya

Akwai makafi da za su gaya muku sun fi gane gari in ana ruwa, domin ƙarar ruwan tana bugun bango da itace da rumfa tana nuna musu inda kowane yake. Wani masani a California, Michael Buckingham, ya yi tunani irin wannan. Ya ce hasken rana ma ai ta ko'ina yake zuwa, ya bugi abu ya dawo idonmu. Me zai hana hayaniyar teku ta zama kamar hasken rana? A 1992 ya buga sakamakon gwajinsa na farko, a 1994 kuma shi da ɗalibansa suka nutsar da wani babban faifai mai faɗin mita 3, da ƙananan kunnuwan ruwa fiye da 100 a gabansa. Ba su aika da ƙara ko ɗaya ba. Ƙas-ƙas ɗin jatan lande ce ta bugi allunan da suka rataya can gaba, kwamfuta ta mai da amsar ta zama hoto. Hoton dishi-dishi ne, amma ana gane siffar abin. Amfaninsa shi ne mai dubawa bai tona kansa ba, bai kuma dami dabbobin ruwa ba.

Nisan da ƙara ke yi a teku ya wuce tsammani. A wajen zurfin mita 1,000 akwai wani sashe inda sanyi da nauyin ruwa suka haɗu suka yi wa ƙara kamar hanya, ba ta hawa sama, ba ta sauka ƙasa, sai gaba. An tabbatar da shi a 1944. A 1991 aka yi ƙara kusa da tsibirin Heard, can kudu wajen ƙanƙarar ƙarshen duniya, aka ji ta a gabas da yammacin Amurka bayan tafiyar fiye da awa 3. Saboda wannan hanya, tashoshi 11 kacal sun isa su tsare dukan tekunan duniya domin a ji in wata ƙasa ta gwada bam na nukiliya a ɓoye, bisa yarjejeniyar 1996. Ɗaya daga cikinsu tana tsibirin Ascension, a tsakiyar Atlantika kudu maso yamma da mu.

Ran 15 ga Nuwamba 2017 wani jirgin ƙarƙashin teku na ƙasar Ajantina mai suna San Juan ya ɓace da mutum 44. Aka yi ta nema ba labari. Sai ma'aikatan tashoshin nan suka koma kan abin da na'urorinsu suka ɗauka a ranar. Cikin hayaniyar kullum ta jirage da dabbobi da girgizar ƙasa, suka tsinci wata gajeriyar ƙara guda ɗaya wadda ba ta yi kama da sauran ba. Tashar Ascension ta ji ta, ta tsibirin Crozet a Tekun Indiya ma ta ji, kowace daga nisan dubban kilomita. Da aka gwama lokutan biyu aka nuna wurin. Bayan shekara guda, a Nuwamba 2018, aka sami jirgin a zurfin wajen mita 900, kusa da inda aka nuna. Ba wanda ya tsira. Amma matan aure da iyaye da 'ya'ya sun san inda nasu suke kwance, duk wanda kuwa ya taɓa jiran labarin wani nasa da ya ɓace ya san abin da wannan yake nufi.

Mu ne muka cika surutu

Awon nan ya tona wani abu da bai yi mana daɗin ji ba. A wani wuri kusa da California an auna hayaniya daga 1964 zuwa 1966, aka sake aunawa a 2003 da 2004. Ƙarfin ƙara mai kauri ya ninka sau 10 ko fiye, galibi saboda yawan manyan jiragen kaya. Taki da shinkafa da babura da kifin sanyi da ke isowa kasuwanninmu ta irin jiragen nan suka zo, don haka ba za mu ce laifin wasu ne can ba.

Waɗanda suka fi shan wahala su ne manyan dabbobin nan da ake kira wel. Yara sukan tuna da su in an karanta labarin Yunana. Siffarsu ta kifi ce, amma kamar ayu suke, suna shaƙar iska, suna shayar da 'ya'yansu nono. Da murya mai kauri suke kiran juna daga nesa, daidai muryar da injin jirgi ke rufewa. Waɗansunsu sukan zo Tekun Gini da damina su haihu. A Satumba 2001, bayan harin da aka kai Amurka, zirga-zirgar jirage ta ragu na 'yan kwanaki a mashigin Fundy na Kanada. Ya zamana wata likitar dabbobi, Rosalind Rolland, tana wurin tana tattara kashin wel domin bincike. Da aka gwada, sai aka ga alamar damuwa da ke fita cikin kashin ta ragu a daidai kwanakin da ruwan ya yi shiru. Irin wel ɗin da ta bincika kuwa ba su kai 400 ba a duniya duka.

Masu neman man fetur a ƙarƙashin teku, kamar yadda aka daɗe ana yi a gaɓar Neja Delta, suna jan wasu bindigogin iska a bayan jirgi, suna harbawa kowane sakan 10 zuwa 15, dare da rana, har makonni. An ji irin wannan harbi a tsakiyar Atlantika daga nisan kusan kilomita 4,000. Wani bincike na ƙasar Norwe da aka buga a 1996 ya nuna kamun kifi ya ragu da wajen rabi a kewayen inda aka yi harbin, kwana 5 bayan an daina kuma bai komo ba. Masunci mai ƙaramin kwalekwale ba shi da inda zai kai ƙara. A ganinmu bai kamata a ba da izinin irin wannan aiki ba sai an fara auna hayaniyar wurin, an kuma san lokacin da kifi da wel suke haihuwa. Hukumar jiragen ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da shawarwarin rage ƙara a 2014, ta sabunta su a 2023, amma shawara ce, ba doka ba. Abin da ke ba da ƙarfin zuciya shi ne ƙara ba kamar man da ya zube ba ce. In jirgi ya rage gudu, a take take raguwa.

Har ma an gwada mai da hayaniya magani. A Ostareliya, inda duwatsun murjani suka mutu wurin ya yi tsit, wasu masana suka sa lasifika cikin ruwa suna sakin ƙarar wuri mai rai. Rahotonsu na 2019 ya ce 'ya'yan kifin da suka zo suka zauna sun ninka na wurin da aka bari shiru.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi kusa da gida. Raƙuman teku ba cikin ruwa kaɗai suke ƙara ba, suna girgiza ƙasa ma, girgizar da ƙafa ba ta ji amma na'ura tana kamawa ko a tsakiyar nahiya. A 1962 wani masani a Amurka, Jack Oliver, ya ba da labarin wani bugu da ke zuwa a kai a kai, wajen kowane sakan 26, daga wani wuri a Atlantika. A 2006 masana a Colorado suka bi sawunsa zuwa Tekun Gini, a 2013 kuma aka matso da shi zuwa mashigin Bonny, daura da gaɓar Nijeriya. Waɗansu sun ce raƙuman ruwa ne ke dukan gefen nahiyar a ƙarƙashin teku, waɗansu sun ce aikin dutse mai aman wuta ne kusa da tsibirin Sao Tome. Na'urori a Turai da Amurka suna kama shi, kafin ya kai Turai kuwa sai ya ratsa ta ƙarƙashin ƙasar Hausa. Ya fi ƙarfi a watannin damina, lokacin da ake noman masara a Faskari.